Betty Greene: Matuƙiyar Jirgin Bishara Mai Auna Dutse Da Ƙafa

A shekarar 1960, can tsakiyar duwatsun tsibirin Niyu Gini, mutanen wani wuri da ake kira Hitadipa suka gama share filin saukar jirgi. Da hannu suka yi aikin, ba katafila, ba tarakta. Duk da haka jirgi bai sauka nan da nan ba, domin ƙa'idar ƙungiyar da ke da jirgin ita ce, kafin taya ta taɓa sabon fili, sai matuƙi ya je ya taka shi da ƙafarsa. Matuƙin da aka aika mace ce mai kimanin shekara 40. Ta tashi daga tashar mishan ta Homeyo, ta yi kwanaki tana hawa da gangara cikin laka, ta haye kogi bisa gadar igiyoyin kurmi, duk domin ta ga ɗan tsirin ƙasar da jirgi zai ratsa cikin daƙiƙu kaɗan. Sunanta Betty Greene, ita ce kuwa matuƙiya ta farko ta ƙungiyar Mission Aviation Fellowship, wadda aka fi sani da MAF.

An haifi Elizabeth Everts Greene ranar 24 ga Yuni, 1920, a birnin Seattle da ke arewa maso yammacin Amurka. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta, kuma sun tashi a gidan masu bi, a bakin tafkin Washington. Tana da shekara 16 aka yi mata kyautar kuɗi, ta kwashe ta kai wurin koyon tuƙin jirgi. Iyayenta sun so ta zama nas, ta kuwa fara karatun a Jami'ar Washington, amma zuciyarta ba ta kwanta da shi ba, ta bari. Cikin wannan ruɗewa ne wata dattijuwa mai bi ta tambaye ta abin da take ƙauna. Da ta ji cewa jirgi ne da hidimar Ubangiji, sai ta nuna mata cewa ana iya ɗaura su biyun wuri ɗaya. Betty ta koma makaranta, ta gama digirinta a 1942.

Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 ta shiga rundunar mata matuƙa jiragen soja, wadda ake kira WASP, aka horar da ita a Sweetwater, jihar Texas. Ba a tura matan nan fagen fama ba, amma aikinsu ba wasa ba ne: mata 38 ne suka rasa rayukansu a ciki. Betty ta ja ƙyallen bara a bayan jirginta domin sojojin ƙasa su koyi harbi da harsashin gaske, daga baya kuma aka sa ta cikin masu gwajin tashi can ƙololuwar sama a sansanin Wright, jihar Ohio. A nan ta koyi abin da siririyar iska ke yi wa inji da kuma ƙwaƙwalwar mutum. Ba ta san cewa shiri ake yi mata domin duwatsun Peru ba.

Tun tana soja ta rubuta maƙala a wata mujallar ɗalibai Krista a kan yadda ƙaramin jirgi zai taimaki masu kai bishara. Wani matuƙin sojan ruwa, Jim Truxton, ya karanta, ya rubuto mata cewa shi da abokansa suna da wannan nawaya. A 1945 aka kafa ƙungiyar. Da yake mazan ba su gama aikin soja ba, ita ce ta buɗe ofis a Los Angeles, ita ce kuma ta tuƙa jirgin farko. Ranar 23 ga Fabrairu, 1946, ta tashi daga California da wani tsohon jirgi ƙirar Waco mai fiffike biyu, sama da ƙasa, ta ɗauki mata biyu ma'aikatan ƙungiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Wycliffe zuwa ƙasar Meziko. Ba a daɗe ba jirgin ya yi haɗari a hannun wani matuƙi dabam. Saurayin makanikin da aka aika ya gyara shi a daji shi ne Nate Saint, wanda aka kashe a Ekwado tare da abokan aikinsa huɗu a watan Janairu na 1956.

A wannan shekara ta 1946 aka kira Betty zuwa Peru. Cameron Townsend, wanda ya kafa Wycliffe, ya samo wani jirgin rarar yaƙi ƙirar Grumman Duck, mai inji ɗaya, mai sauka a ƙasa da kan ruwa. Jirgin yana Lima, a bakin teku. Ƙabilun da ake son kaiwa gare su kuwa suna gabas, cikin kurmin Amazon. Tsakaninsu ga duwatsun Andis sun tsaya kamar ganuwa, mashigin da hanyar mota ke bi ma ya haura ƙafa 15,000. Wani babban hafsan sojan Amurka da ke Lima bai ɓoye shakkarsa ba cewa mace za ta iya da wannan jirgi.

Shakkarsa a kan mace kuskure ce, amma tsoron dutsen daidai ne. Iska tana sirancewa gwargwadon yadda aka hau. A ƙafa 18,000 matsinta ya koma kusan rabin na bakin teku. Injin fistan wanda ba shi da na'urar cusa iska yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, farfela ba ta samun abin da za ta kama sosai, fukafukai kuma sai sun ƙara gudu kafin su ɗauki nauyin da suka saba ɗauka. Matuƙin kansa ba ya tsira. Idan iskar oksijin ta yi masa kaɗan, ba zafi yake ji ba, wani irin daɗi ne da sakin jiki ke kama shi, yana yanke shawarar banza yana ganin daidai yake. Ga kuma girgije: danshin kurmin Amazon yakan taso ya jingina da gefen gabas na duwatsun, ya rufe kwaruruka. Wanda ya kutsa cikin girgije a tsakanin duwatsu ba tare da ya ga gabansa ba, ya sayar da ransa da na fasinjojinsa da araha.

A watan Disamba na 1946 Betty ta ƙetare, Townsend yana zaune cikin jirgin. Bayan hawan sai aikin da ya fi wuya, wato gangarowa daga wannan tsawo zuwa filin San Ramon, wanda ke kwance cikin kwarin Chanchamayo, duwatsu sun kewaye shi. Ta sauka lafiya, daga nan ta wuce Pucallpa a bakin kogin Ucayali. Akan rubuta cewa ita ce mace ta farko da ta tuƙa jirgi bisa Andis, amma gaskiya ta fi daɗi idan an faɗe ta daidai. Wata Bafaranshiya, Adrienne Bolland, ta riga ta ƙetare su tun 1921 tsakanin Ajantina da Chile. Abin da Betty ta fara shi ne ƙetare Andis na Peru, wannan ma ya isa.

A farkon shekarun 1950 ta zo Nijeriya, ta yi kusan shekara 2 tana tuƙa ƙaramin jirgin mishan ɗin SIM daga Jos. Tun kafin a kafa ECWA a 1954 ke nan. Jos tana bisa tsawon ƙafa 4,000 da ɗoriya, saboda haka ko a nan jirgin da aka cika da kaya yakan ci titi mai tsawo da rana tsaka kafin ya ɗaga. Abokin gabarta a ƙasarmu dai hazon hunturu ne, wanda kan shafe ƙasa da sama su zama abu ɗaya, a zamanin da matuƙi ke neman hanya da taswira da kamfas da agogo, yana bin kogi ko layin dogo da ido. Jirgin mishan na lokacin shi ke ɗauko marasa lafiya daga tashoshin nesa, ya kai wasiƙu da magani, ya mai da tafiyar kwanaki ta zama ta sa'o'i. A 1956 ta koma Sudan, ta zauna a Malakal a bakin Farin Nilu, garin da ke cikin Sudan ta Kudu tun 2011. Sai da mahukuntan ƙasar suka ba da izini na musamman kafin mace ta tuƙa jirgi a can.

Niyu Gini ce tasharta ta ƙarshe, a nan kuma aka tara mata dukan abin da ta koya. Yammacin tsibirin yana hannun Holan a lokacin, ya koma ƙarƙashin Indonesiya a 1963. Dutsensa mafi tsawo ya kai ƙafa 16,000. Kwarin Baliem, mai dubban mutane, sai a 1938 baƙi suka fara hango shi daga jirgi. Babu hanyar mota zuwa cikin ƙasar, saboda haka gishiri, ƙusa, allurar penisilin, da takardun koyon karatu duk ta sama suke shiga.

Filin jirgi a irin wannan wuri ba ya kama da na Heipang ko na Kano. Sau da yawa tsiri ne na ciyawa a jikin gangare, ƙarshensa na sama ya tokare da dutse, na ƙasa ya leƙa kwazazzabo. Hanyarsa ɗaya ce: ana sauka ana hawa tudu domin tudun ya taimaki birki, ana tashi ana gangarawa domin gangaren ya taimaki inji, ko ta ina iska ke busowa. Matuƙi yakan fara zagaya filin daga sama, ya duba ko alade ko yaro na kai, ko ruwan dare ya jiƙa ciyawa. Sa'an nan ya shiga kwarin, ya riƙe gudun jirgin daidai. In ya yi sauri, fili zai ƙare kafin jirgi ya tsaya, in ya yi sanyi, fukafukai za su sake shi ya faɗi kafin ya kai. Akwai kuma wani wuri a kan hanyar shigowa, wataƙila wani itace ko wata kwanar kogi, wanda matuƙi ya riga ya sa wa alama a ransa. Kafin nan yana iya fasawa ya juya. Bayan nan kwarin ya matse, dutsen da ke gaba ya fi ƙarfin hawan jirgin, sauka ta zama dole. Da taya ta taɓa ƙasa kuma, a fili mai tsananin gangare sai ya ƙara wuta domin jirgin ya iya kaiwa sama inda ake juyawa.

Wannan ne ya sa ake tashi da sassafe, tun iska na da sanyi da nauyi, kafin rana ta tayar da guguwar kwari, girgije ya toshe mashigai. Shi ya sa kuma ake ɗora kowane buhu da kowane fasinja bisa sikeli, ko fasto ne ko likita. Mai bishara da ya yi wata uku yana jiran kayansa ba ya jin daɗi idan aka sauke masa akwati ɗaya aka ce sai wani zuwa, ko ya ji ƙarar jirgi bisa girgije ta matso, ta kuma yi nisa ba a sauka ba. Matuƙin mishan yana ɗauke da nauyin da matuƙin haya bai sani ba, domin waɗanda yake ƙi wa 'yan'uwansa ne cikin Ubangiji, wani lokaci ma mai naƙuda ce ake kira dominta ta oba-oba. Masu ba da labarin Betty sun fi son ambaton ƙarfin zuciyarta. Amma shekara 16 na irin wannan tashi ba a gama su da ƙarfin zuciya kaɗai, sai da taurin kan bin ma'auni, da yarda cewa addu'ar da aka yi kafin a tayar da inji ba ta soke lissafin mai da na kaya ba.

Abin da ya kai ta Hitadipa da ƙafa ke nan. Daga sama ba a gane taushin ƙasa, ba a ganin ramin da ciyawa ta rufe, ba a sanin ainihin tsawon fili ko tsananin gangarensa. Sai an taka, an auna, an tsaya a ƙarshensa an dubi inda jirgi zai bi ya fita. Bayan an gamsu ne aka buɗe filin, mutanen Moni na wannan kwari suka sami hanyar da ta haɗa su da asibiti da makaranta.

A 1962 Betty ta bar tuƙi a fagen mishan, bayan ta yi aiki a ƙasashe 12. Ta koma hedkwatar MAF a California, ta yi shekaru tana aikin ofis, tana zagaya ikkilisiyoyi tana neman matasa matuƙa da masu tallafa musu. Ba ta yi aure ba. A ƙarshen rayuwarta ciwon mantuwa na tsufa ya kama ta, ta huta ranar 10 ga Afrilu, 1997, a jihar Washington inda ta girma, tana da shekara 76. Littafin tarihinta, wanda ta yi aikinsa tare da Dietrich Buss, ya fito a 2002. A 2010 majalisar dokokin Amurka ta miƙa wa matan WASP lambar zinariya, shekara 13 bayan rasuwarta.