Farfesa Thomas Adeoye Lambo: Likitan da ya mayar da ƙauye asibiti

An haifi Thomas Adeoye Lambo a Abeokuta ranar 29 ga Maris, 1923. Ya yi karatun sakandare a makarantar maza ta Baptist da ke garin, sannan ya karanta ilimin likita a Jami'ar Birmingham ta Ingila, daga bisani ya ƙware a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa a Landan. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan ƙwarewa.

Da ya dawo gida a 1954, an damƙa masa ragamar asibitin Aro da ke Abeokuta. A wancan zamani, gidajen da Turawan mulkin mallaka suka tanadar wa masu taɓin hankali, kamar na Yaba da na Kalaba, sun fi kama da kurkuku, domin tsarewa ce manufarsu, ba warkarwa ba. Saboda haka jama'a suka fi amincewa da masu maganin gargajiya.

Lambo ya ɗauki wata hanya dabam. Ya shawo kan mazauna ƙauyukan da ke kewaye da asibitin suka riƙa ba marasa lafiya hayar ɗakuna a gidajensu. Kowane majinyaci yakan zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa ko wani makusanci, wanda zai yi masa girki ya kuma kula da shi. Da rana a ba shi magani, a zauna da shi ana tattaunawa, shi kaɗai ko cikin rukuni, a kuma sa shi aikin hannu. Da yamma ya koma masaukinsa cikin mutane.

Hikimar tsarin ita ce, wanda damuwa ko fargaba ta kama yakan janye jiki daga mutane, kaɗaici kuwa ƙara wa cutar ƙarfi yake yi. Idan ya samu mai sauraronsa ba tare da tsangwama ba, yakan iya furta abin da ke cin ransa, a taimaka masa ya gane tushen matsalar. Ɗan'uwan da ya yi jinya ma yana koyon alamomin cutar, don haka kulawa ba ta yankewa bayan sallama. Lambo ya kuma jawo wasu masu maganin gargajiya cikin aikin, domin sun san harshe da tunanin majinyatan.

Wasu likitocin Turawa na lokacin sun yi iƙirarin cewa ciwon damuwa bai cika kama baƙar fata ba. Binciken da Lambo ya gudanar tare da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka, wanda aka wallafa a 1963, ya nuna cewa alamomin damuwa da fargaba sun yawaita a tsakanin Yarabawa kamar yadda ake samun su a wasu al'ummomi. Kafin nan, a 1961, ya shirya taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta.

Ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan, ya kuma shugabance ta har zuwa 1971, shekarar da ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya. A can ya kai matsayin mataimakin babban darakta, ya yi ritaya a 1988. Ya rasu ranar 13 ga Maris, 2004, yana gab da cika shekara 81.

Asibitin Aro yana nan a hannun Gwamnatin Tarayya. Amma doka ta daɗe ba ta cim ma tunanin Lambo ba: sai a Janairun 2023 aka sanar da sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 da aka gada daga Turawa. Sabuwar dokar ta tanadi kare haƙƙin majinyaci da kula da shi cikin al'umma, abin da Lambo ya fara gwadawa kusan shekara 70 kafin nan. Aiwatar da ita kuwa yana wuyan ma'aikatu da masu tsara kasafin kuɗi.