Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Sanin Ƙasa da Gyaran Hali

An haifi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a shekarar 1781. Ya yi karatu a hannun mahaifinsa da kuma baffansa Malam Abdullahi, har ya yi zurfi a fannin fiƙihu da tarihi da ilmin magani. Yana cikin waɗanda suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, yana kuma cikin manyan mayaƙan da suka ci Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Amma abin da ya bambanta shi da sauran malaman zamaninsa shi ne yadda ya haɗa labarin ƙasa da tarbiyya. A ganinsa, wurin da mutum yake zaune yana da babban tasiri a kan addininsa da halayensa.

Wannan ra'ayi ya fara bayyana ne a ginin Sakkwato. A 1809 Bello ya zaɓi wani tudu kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ya kewaye shi da ganuwa. Tudun yana da sauƙin tsaro, ga kuma fadama a ƙarƙashinsa don noma da kiwo. Shehu ya taso daga Sifawa ya tare a nan a 1815, a nan ne kuma ya rasu a 1817, sa'an nan aka yi wa Bello mubaya'a.

Tun kafin ya hau gado, a 1812, ya rubuta Infaƙul Maisuri. Littafin tarihin jihadi ne, amma bai buɗe shi da labarin yaƙi ba. Ya fara da bayanin ƙasashen Takrur, irin su Barno da Azbin da ƙasar Hausa da Songhai, yana ambaton mazaunansu da malamansu da matsayin Musulunci a cikinsu. Dalili kuwa, malaman jihadi sun tafi a kan cewa hukuncin ƙasa yana bin hukuncin sarkinta. Saboda haka siffanta ƙasa ba ƙaramin al'amari ba ne, don a kansa ne ake yanke ko hijira ta wajaba, ko yaƙi ya halatta. A nan ne Shehu Laminu na Barno ya ja da shi, yana mai ganin aikata zunubi ba ya mai da ƙasar Musulmi ta kafirci. Bello bai ɓoye wannan suka ba, ya sa wasiƙun abokin jayayyarsa a cikin littafin tare da amsoshinsu.

Da ya zama Sarkin Musulmi sai ya mai da ra'ayin nan aiki. Ya kakkafa ribaɗi a bakin iyaka, kamar Wurno da Gandi da Lajinge, ya sa 'ya'yansa da 'yan'uwansa su riƙe su. Ribaɗi sansani ne, amma kuma gari ne mai masallaci da makaranta da alƙali. Ya kwaɗaitar da makiyaya su zauna wuri guda, domin ya lura mai yawo a daji yakan yi nisa da jam'i da karatu da shari'a. A wannan batu ya sha bamban da Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, shi da yake ganin mutanen daji sun fi na birni kusa da alheri, don jin daɗin birni yana lalata hali. Bello bai jahilci wannan haɗari ba, shi ya sa ya so garin da zai raya ya kasance na aiki da tsaro, ba na holewa ba.

Haka nan a littafin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafta raya ƙasa cikin wajibin shugaba: gina garuruwa masu ganuwa, gyara hanyoyi da kasuwanni, da kuma samar wa kowane gari manoma da maƙera da marina da masu magani. Watau adalci a wurinsa abu ne da ya kamata a gan shi a bisa ƙasa.

Saninsa da labarin ƙasa ya kai har Turai. Sa'ad da Baturen Birtaniya Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 yana binciken Kogin Kwara, an ba shi taswira daga fadar Bello, aka buga ta a London a 1826.

Bello ya yi ƙarshen rayuwarsa galibi a ribaɗin Wurno, ba a fadar Sakkwato ba. Ya ci nasarar yaƙin Gawakuke a 1836, ya rasu a 1837, aka rufe shi a Wurno, a bakin iyakar da ya umurci wasu su tsare. Allah ya ji ƙansa, amin.