Volta, mutumin da sunansa ke bisa pil

Ɗauko pil ɗin radiyonka, wanda wasu ke ce ma dutsi, ka juya shi. Za ka ga an rubuta 1,5 V. Wannan harafi na V ba ya cikin baƙaƙen Hausa da muka koya a aji. To, harafin farko ne na sunan wani mutum, Alessandro Volta. Kada ka gama shi da Haute-Volta, tsohon sunan Burkina Faso, wancan sunan kogi ne.

An haifi Volta ranar 18 ga Fabrairu 1745 a garin Komo, arewacin ƙasar Italiya. Yana yaro ƙarami ubansa ya rasu, dangi suka riƙe shi. Sun so ya zama lauya, shi kuwa hankalinsa yana wajen wutar lantarki. Bai shiga jami'a ba, da kansa ya yi ta karatu da gwaji. A 1774 ya kama aiki a lakwal ɗin garinsu. A 1776, cikin fadamar tafkin Majore, ya tara iskar da ke tasowa daga laka, ya ga tana kama wuta. Ita ce ake kira metan. Bayan ƴan shekaru aka ba shi kujerar koyarwa a jami'ar Pabiya.

A wancan zamani ba a san wutar da ke gudana cikin waya ba. Sai dai a goga abu, ya yi tartsatsi sau ɗaya, shi ke nan. Volta mutum ne mai son awo. Ya gyara wani abin awo mai siraran tsinkaye biyu a cikin kwalba: in wuta ta taɓa su sai su rabu, a duba tazarar da ke tsakaninsu. Ya kuma ƙera wani da ke tara wuta mai rauni har ta kai a gane ta.

A 1791 wani likita na garin Bolonya, Luigi Galvani, ya bayyana abin da ya gani. In aka taɓa ƙafar mataccen kwaɗo da ƙarfe, sai ta motsa. Shi a ganinsa wutar daga jikin dabbar take. Da farko Volta ya yarda. Amma da ya sake gwajin, sai ya lura ƙafar ta fi motsi in ƙarafan iri biyu ne. Ya ɗora ƙarafa biyu a harshensa, ya ji tsami. Daga nan ya ajiye kwaɗon gefe, ya auna ƙarafan su kaɗai, ya samu wuta ƴar kaɗan. Gardama ta tashi, masana suka rabu biyu. Galvani ya rasu a 1798, ba a gama ba.

A ƙarshen 1799 Volta ya yanka tutiya da jan ƙarfe kamar kwabbai. Ya jera su bisa juna, yana sa kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakani. Da ya gama sama da ƙasa da waya, wuta ta yi ta gudana ba yankewa. In ya ƙara jeri, ƙarfinta ya ƙaru. Kalmar pil da muka aro daga Faransanci, ma'anarta ke nan: abin da aka jibga. Ya aika da labarin zuwa Landan ranar 20 ga Maris 1800. A 1801 ya nuna aikin gaban Napoleyon a Paris, aka ba shi lambar zinariya.

Amma ka sani, Volta ma bai gane kome ba. Ya ɗauka haɗuwar ƙarafan kawai ke ba da wuta. Daga baya aka gano ruwan gishirin yana cin tutiyar, shi ya sa pil yake mutuwa. Galvani kuma yana da tasa gaskiya, don jijiyoyinmu da wuta suke aiki.

Volta ya bar aiki a 1819, ya koma gidansa na Kamnago kusa da Komo. Can ya rasu ranar 5 ga Maris 1827, yana da shekara 82. A 1881 masana suka taru a Paris, suka tsai da sunan volt ga ma'aunin ƙarfin wuta.

Yau akwai ƙananan na'urori da ake warwatsawa cikin gonaki da bakin koguna, suna auna damshi ko zafi ko tsayin ruwa, suna aika labari ba waya. Da yawa pil biyu ke riƙe da su, volt 3 ke nan. Kowace tana auna ƙarfin pil ɗinta, ta haɗa da saƙon. In lambar ta gangaro wajen 2, mai kula ya san lokacin canji ya yi. In ba a auna ba, na'urar za ta yi shiru, ruwa ya taso ba wanda ya sani.

Kai ma, in ka je sayen batirin mota ko na hasken rana, kada ka tsaya ga bakin mai kanti. Ka ce a sa abin awo. Batiri mai volt 12, in ya cika, yana nuna wajen 12,6. Ka karanta lambar da idonka.