Kwame Nkrumah: Mutumin da ya datse kogin Volta don Gana ta sami wuta

Duk mai shago a Nima ko Maamobi da ke sayar da ruwan sanyi, da tela mai keken lantarki, da yaron da ke cajin wayoyi a tashar Aflao, suna cin moriyar wani aiki da marigayi Kwame Nkrumah ya tsaya kai da fata sai da aka yi shi, wato madatsar ruwa ta Akosombo.

An haifi Nkrumah a 1909 a ƙauyen Nkroful da ke yammacin ƙasar, wadda Turawa ke kira Gold Coast a lokacin. Mahaifinsa maƙerin zinariya ne. Ya yi karatun koyarwa a Achimota, ya tafi Amurka a 1935 inda ya shiga Jami'ar Lincoln, ya wuce Ingila a 1945, sannan ya komo gida a 1947. Ya kafa jam'iyyar CPP a 1949. Turawa sun ɗaure shi a 1950, amma yana kurkuku ya ci zaɓen 1951, dole suka sake shi ya kafa gwamnati. Ranar 6 ga Maris 1957 Gana ta sami 'yancin kai a ƙarƙashinsa.

Tun 1915 wani Bature masanin ma'adinai, Albert Kitson, ya ba da shawarar a datse kogin Volta, maganar ta yi ta kwana a takarda. Nkrumah ya yi imani cewa ƙasar da ba ta da wuta mai araha ba za ta daina sayar da koko ɗanye tana sayo kayan wasu ba. Ya nemo rance daga Bankin Duniya da Amurka da Ingila, aka kafa hukumar VRA a 1961, kamfanin Impregilo na Italiya ya kama gini. An buɗe madatsar a Janairu 1966. Tafkin da ya taru ya kai murabba'in kilomita 8,500, kuma mutum kusan 80,000 suka rasa gidaje da gonaki, aka sake musu matsuguni.

Sai dai masu ba da rance sun nemi a sami babban mai saye tukuna. Shi ne kamfanin Valco na Amurkawa, mai narka alminiyam a Tema, wanda ya daɗe yana kwashe kaso mafi tsoka a farashi mai rahusa. Arewacin ƙasar bai haɗu da babban layin wuta ba sai bayan fiye da shekara 20. Daga 1972 aka fara sayar wa Togo da Jamhuriyar Benin.

Mulkinsa ma bai rasa tabo ba. A 1957 ya kori wasu shugabannin zangon Kumasi zuwa Nijeriya, ciki har da Alhaji Amadu Baba. A 1958 aka yi dokar tsare mutum ba shari'a, a 1964 ƙasar ta koma ta jam'iyya ɗaya. Wata guda da buɗe madatsar, ranar 24 ga Fabrairu 1966, soja da 'yan sanda suka kifar da shi yana kan hanyar zuwa Hanoi. Ya zauna a Gini wajen Sekou Toure, ya rasu a Bukarest ta ƙasar Rumaniya ranar 27 ga Afrilu 1972.

Yanzu Akosombo na iya ba da megawat 1,020, amma ta yi wa ƙasar kaɗan, mafi yawan wutar daga tashoshin gas take fitowa. Farin 1983 da na 2007 sun janye ruwan tafkin har aka riƙa raba wuta, sannan ga zamanin dumsor na 2012 zuwa 2016 da 'yan kasuwa ba su manta ba.

A kan wannan layin ne sabon mai saye ya iso, wato motoci da baburan lantarki. A Disamba 2023 gwamnatin Gana ta ƙaddamar da manufarta a kansu. Cajin mota ɗaya a gida yana iya jan wutar da ta fi ta shaguna da yawa a haɗe. Idan kowa ya jona da magariba, lokacin da gari ya fi shan wuta, taransifomar unguwa mai cunkoso kamar Nima ita za ta fara ƙonewa. Idan kuwa aka karkata cajin zuwa tsakar dare ta hanyar sauƙaƙa kuɗinsa, aka ƙarfafa layukan unguwanni kafin a kafa tashoshin caji, kuɗin da ake fitarwa sayo fetur zai ragu, kuɗin dakon kaya ma ya iya sauka.

Tambayar da ta taso zamanin Valco ita ce ta dawo: wa za a fara ba wuta, kuma a nawa? Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su halarci zaman jin ra'ayi da hukumar PURC ke yi kan farashin wuta, su faɗi nasu tun kafin a yanke.