Georges Cuvier: Masanin da ya gano rayuwar dabba daga ƙashinta

An haifi Georges Cuvier a garin Montbéliard a 1769, ya mutu a birnin Paris na Faransa a 1832. Shi ya kafa ƙa'idar cewa gaɓoɓin dabba ba sa saɓa wa juna: mai cin nama sai da haƙora masu yanka, farata masu damƙa da ƙafafun gaba masu juyawa. Kan wannan tushe masana ke duba ƙashin ƙafa su bambance mahayin itace da mai farauta a ƙasa. A 1796 ya kwatanta ƙasusuwan giwayen dauri da na yau, ya tabbatar cewa jinsin dabba kan ƙare ƙurmus. Ya riƙe manyan muƙaman gwamnati a zamanin Napoleon da sarakunan bayansa.