Gichin Funakoshi: Malamin makarantar da ya fito da karate daga duhun dare

An haifi Gichin Funakoshi a 1868 a garin Shuri na tsibirin Okinawa, fadar masarautar Ryukyu. Yana yaro Japan ta rushe sarautar, ta haɗe tsibirin da ƙasarta a 1879.

Ya taso da yawan laulayi. A wancan zamani a ɓoye ake koyon karate, don haka da dare yakan ɗauki fitila ya nufi gidan malaminsa Anko Asato. Daga baya ya ƙara da Anko Itosu. Ginshiƙin horon shi ne kata, wato jerin taku da kariya da naushi da mutum ke yi shi kaɗai, yana daidaita shaƙa da fitar da numfashi da kowane motsi. Ɗalibi kan shekara uku yana maimaita kata guda kafin malam ya ƙara masa wata. Sai makiwara, itacen da ake kafawa a naɗe shi da igiyar karan shinkafa, a yi ta naushinsa har hannu ya yi kanta.

Bayan kusan shekara 30 yana koyarwa a makaranta, ya je Tokyo a 1922 don nuna karate a wani baje kolin wasanni, kuma can ya zauna. A masaukin ɗaliban Okinawa ya sauka, yana shara da gadi don ya samu na abinci.

Karɓuwar da ya nema ba ta zo a banza ba. Japanawa na raina mutanen Okinawa, ga zaman doya da manja da ƙasar Sin. Sai ya bi sahun masu sauya rubutun sunan karate daga hannun Sin zuwa hannu wayam, ya kuma ba katoci sunayen Japananci: Pinan ta koma Heian, Naihanchi ta koma Tekki. Wasu malaman Okinawa ba su ji daɗin haka ba.

A 1945 bama-baman Amurka suka ƙone makarantarsa ta Shotokan, tarin fuka kuma ya kashe ɗansa Gigo.

Har ƙarshen rayuwarsa Funakoshi bai yarda a mayar da karate gasa ba, domin a wurinsa tarbiyya ce. Ya mutu ranar 26 ga Afrilu, 1957. Wata shida bayan nan, ɗalibansa suka shirya gasar ƙasa ta farko a Tokyo.