Shuwanzang, Baƙon da Ya Ceci Ilimin Nalanda

'Yan'uwa, wanda ya ziyarci Nalanda a jihar Bihar ta ƙasar Indiya, abin da zai tarar shi ne kufai: jajayen tubala, ɗakuna marasa rufi, da tsofaffin rijiyoyi. Nan ne a dā babban gidan sufayen addinin Buddha yake, inda dubban almajirai suke karatu. Wani babban sashe na labarinsa daga alƙalamin wani baƙo aka same shi, wato Shuwanzang.

An haife shi wajen shekara ta 602 kusa da birnin Luoyang a ƙasar Sin, ya kuwa shiga gidan sufaye tun yana yaro. Da ya ga fassarorin littattafan addininsa suna saɓa wa juna, sai ya ƙudura zuwa Indiya don ya karanta su a harshensu na asali. Sarki ya hana fita ƙasar, amma wajen 629 ya sulale a ɓoye. A hamadar Gobi salkarsa ta zube, ya yi kwana huɗu bai sha ruwa ba.

A Gandara, cikin Pakistan ta yau, ya iske gidajen sufaye masu yawa sun zama kango, ya rubuta halin da ya same su. Nalanda kuwa tana cikin ganiyarta. Tsohon malami Silabadra ya karɓe shi, ya koyar da shi shekaru. A 645 ya koma gida da littattafai 657, ya duƙufa kan fassara su har rasuwarsa a 664.

Wajen shekara ta 1200 mahara suka ragargaza Nalanda, ƙasa ta binne ta, aka manta da ita. Sai bayan 1860 Alexander Cunningham, wani Bature ɗan Birtaniya, ya bi bayanin tafiyar Shuwanzang ya tabbatar da wurin. A 2016 UNESCO ta sa kufan cikin wuraren tarihi na duniya.

Littattafai da dama da suka ɓace a Indiya suna nan har yau cikin fassararsa. Malaman Nalanda ba su rufe wa baƙo ƙofa ba, abin da suka ba shi kuwa shi ne ya tsira. Mu ma kada mu yi rowar abin da muka sani.